Motar da Ba Ta da Direba: Wa Za Ta Kaɗe, Wa Za Ta Bari?

Yau Dubai za mu leƙa, amma ba kasuwar gwal za mu ba, ba kuma sarin atamfa ko wayoyi a Deira ba. Wata tambaya za mu bi, wadda malaman falsafa suka daɗe suna jujjuyawa a aji, yau kuma ta sauko kan kwalta a wannan birni.

Wanda duk ya taɓa sauka a filin jirgin saman Dubai ya hau jirgin ƙasan cikin gari, ya san abu guda: jirgin nan ba shi da direba. Tun ranar 9 ga Satumba, 2009 da aka buɗe shi, kwamfuta ke tuƙa shi. Fasinja na iya zuwa can gaba, inda ya kamata a ce direba ne ke zaune, ya tsaya yana kallon layin dogo ta gilashi. To hukumomin birnin ba su tsaya nan ba. A 2016 sarkin Dubai, Sheikh Muhammad bin Rashid Al Maktum, ya bayyana burin cewa kafin 2030 kashi 25 cikin 100 na zirga-zirgar birnin ta kasance a ababen hawa masu tuƙa kansu. A 2017 ƙasar Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta naɗa Umar Sultan Al Ulama ƙaramin ministan ƙirƙirarriyar basira, yana da shekara 27 a duniya. Jirgin ƙasa dai layinsa a killace yake, ba yaro ba akuya. Mota kuwa titi take bi, inda mai keke da mai babur da mai tafiya a ƙasa suke.

To a nan ne tambayarmu ta shigo. Ku ba ni aron hankalinku.

Mu ƙaddara ga tarago ya taho a guje, birki ya tsinke. A gabansa ma'aikata biyar suna gyaran layi, ba su ji ba, ba su gani ba. Akwai wani reshen layi a gefe, a kansa ma'aikaci ɗaya ne. Direba na iya karkata taragon zuwa reshen. In ya karkata, mutum ɗaya ya mutu. In ya bari, biyar sun tafi. Me zai yi?

Wata malamar falsafa 'yar Ingila, Philippa Foot, ita ta kawo wannan misali a 1967. Yawancin waɗanda aka tambaya sukan ce a karkata, ai biyar sun fi ɗaya. Shi ke nan, lissafi ya ƙare? Sai wata Ba'amurkiya, Judith Jarvis Thomson, ta ɗan sauya labarin. Ta ce yanzu kai ne tsaye a kan gada, layin dogo na ƙarƙashinka, taragon ya nufi mutum biyar ɗin nan. Kusa da kai ga wani ƙaton mutum ya jingina yana kallo. In ka tura shi ya faɗa kan layi, jikinsa zai tsayar da taragon, biyar su tsira, shi ya mutu. Za ka tura shi? Nan fa sai a ji shiru. Mutanen da ɗazu suka ce biyar sun fi ɗaya, yanzu sai su ce a'a, wannan ai kisan kai ne. To lissafin bai canza ba: ɗaya ne a madadin biyar. Me ya canza?

Wannan shi ne gwajin tunani. Ba a buƙatar ɗakin bincike, ba a buƙatar ko sisi. A tsara labari, a cire masa duk wata ƙawa, a bar ƙashin matsalar tsirara, sannan a sauya abu ɗaya tak a ga ko hukuncinka zai sauya. In ya sauya, to ka gano wani abu da ka yi imani da shi ba tare da ka taɓa faɗa wa kanka ba. Ita Foot bayanin da ta bayar shi ne, haƙƙin da ke kanka na kada ka cuci mutum ya fi nauyi a kan haƙƙin da ke kanka na ka taimake shi. Wasu suka ce a'a, bambancin shi ne a kan gada ka mai da mutum kayan aiki, ka yi waigi da shi. Har yau ba a rufe wannan gardama ba.

Na san wani na can yana cewa, wannan ai aikin marasa aikin yi ne, wasan Turawa. Dakata tukuna, Malam. Kusan shekara ɗari tara kafin Foot, Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya kawo irin wannan mas'ala a littafinsa na usulul fiƙhu, Al-Mustasfa. Ya ƙaddara jirgin ruwa cike da mutane yana neman nutsewa. In aka jefa mutum ɗaya a ruwa sauran za su tsira, in ba a jefa ba kowa ya halaka. Hukuncinsa: ba a jefa shi. Amma a wani misalin, inda abokan gaba suka yi garkuwa da fursunoni Musulmi, aka kuma tabbata cewa in an ƙyale su za su murƙushe al'umma gaba ɗaya har da fursunonin, nan ya ga akwai hujjar a yi harbi. Me ya raba biyun? Sharuɗɗa uku ya kafa: abin ya zama larura, ya zama tabbas ba zato ba, kuma maslahar ta game al'umma duka, ba wasu 'yan ƙididdigaggun mutane ba. Mutanen jirgi komai yawansu ƙididdigaggu ne, saboda haka yawansu bai halatta jinin mutum ɗaya ba. Ku lura da kyau, shi ma abin da ya yi ke nan: labari biyu masu kama da juna, a sauya abu ɗaya, a ga inda hukunci ya juya.

Mu kanmu Hausawa ba baƙin abin ba ne. Wasa ƙwaƙwalwa da ake yi a dandali, na mutumin da zai haye kogi da kura da akuya da damin dawa, ko na wanda kwalekwale ya kife da shi da mahaifiyarsa da matarsa, a ce mutum ɗaya kaɗai zai iya ceta, ai dangin abin ne. Bambancin kawai, mu mukan yi dariya mu watse, malaman falsafa kuwa sai su zauna su bi diddigin dalilin amsar.

Sai dai a faɗi gaskiya, a gidanmu na Malikiyya akwai ƙyamar yawan ƙaddara abin da bai auku ba. Malaman tarihi sun kawo labarin Asad bin Furat, wanda ya taso daga Ƙairawan ya je Madina wajen Imamu Malik. In ya yi tambaya aka ba shi amsa, sai ya ƙara da cewa to in kuma abin kaza ne fa? Da abin ya yi yawa, Imamu Malik ya nuna masa cewa in irin wannan yake so, to ya nufi Iraƙi, wajen almajiran Abu Hanifa, waɗanda suka shahara da fiƙihun ƙaddarawa. Ya kuwa tafi. Abin sha'awa, tambayoyin nan da ya koyo a Iraƙi su ya kawo Masar ya jera wa Ibnul Ƙasim, almajirin Malik, daga nan kuma Sahnun ya tace su aka sami Mudawwana, uwar littattafan mazhaba. Ashe ko gidan da ke ɗari-ɗari da "mu ƙaddara" bai rasa cin amfaninta ba. A fahimtata, abin da Imamu Malik ya guje wa shi ne tambaya don gwaninta da ƙure. In kuwa abu ya tunkaro, ana ganin ƙurarsa, to shirya masa amsa ba ɓata lokaci ba ne. Motar da ba direba kuwa ta riga ta tunkaro.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Madalla. Masu sauraro, in yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan gwajin tunani, da yadda ya zama abin yau da gobe a Dubai.

Akwai wani masanin kwamfuta ɗan asalin Siriya, Iyad Rahwan. Ya koyar a Jami'ar Birtaniya da ke Dubai, ya koma Cibiyar Masdar a Abu Dabi, daga baya ya wuce jami'ar MIT a Amurka. Shi da abokan aikinsa suka ɗauki misalin taragon nan suka ɗora shi a kan mota. A 2016 suka wallafa wani bincike da ya fallasa halin ɗan Adam. An tambayi mutane: motar da ke tuƙa kanta, in ta rasa mafita, ta sadaukar da fasinjanta ɗaya don ta ceci masu tafiya a ƙasa goma? Mafi yawa suka ce ƙwarai, haka ya dace. Aka ce to za ku sayi irin wannan mota? Sai baki ya mutu. Kowa na so maƙwabcinsa ya sayi mai sadaukarwa, shi kuma ya hau wadda za ta kare shi ko ta halin ƙaƙa.

Daga nan suka buɗe wani shafi a intanet mai suna Moral Machine, inda ake nuna wa mutum hoton mota birki ya tsinke, a ce ya zaɓa: tsoho ko yaro? Mutum uku ko ɗaya? Wanda ya bi dokar tsallaka titi ko wanda ya karya? Likita ko mabaraci? Sakamakon da mujallar Nature ta buga a 2018 ya tattara amsoshi kusan miliyan 40 daga ƙasashe da yankuna 233. A abu uku duniya ta fi haɗuwa: a fifita mutum a kan dabba, a fifita masu yawa, a fifita ƙanana. Amma ƙarfin fifikon ya bambanta. A rukunin ƙasashen gabas, wanda ya haɗa irin su Japan da Taiwan da ƙasashen Musulmi kamar Saudiyya da Indonesiya da Pakistan, mutane ba su yi saurin sadaukar da tsoho don yaro ba kamar yadda aka gani a yamma. Bahaushen da ya tashi yana durƙusa wa dattijo ba zai yi mamakin wannan ba.

Wani abin da ya fito kuwa ba daɗin ji. A ƙasashen da tazarar mai kuɗi da talaka ta fi faɗi, nan aka fi samun masu cewa a ceci babban mutum a bar marar galihu. To ka ga haɗarin a ce za a koya wa mota ɗabi'a ta hanyar ƙuri'ar jama'a: son zuciyarmu za mu ɗura mata. Jamus ta hango wannan. Kwamitin ɗa'a da gwamnatinta ta kafa ya fitar da ƙa'idoji a 2017, ya ce in haɗari ya zama ba makawa, haramun ne mota ta bambanta mutane da shekaru ko jinsi ko lafiyar jiki. Ni dai a nan ina tare da Jamusawa, ina kuma ganin Gazali ba zai yi nisa da su ba: rai rai ne, ba a sa shi a sikeli.

Yanzu bari in faɗi inda nake ganin misalin taragon ya gaza. Injiniyoyi da yawa na cewa, motarsu ba ta tsayawa tana auna tsoho da yaro. Abin da aka koya mata shi ne ta taka birki. Haɗurran da suka auku a zahiri ma ba irin na aji ba ne. A watan Maris na 2018, a garin Tempe na jihar Arizona, motar gwaji ta kamfanin Uber ta kashe wata mata da ke tura kekenta tana tsallaka titi da dare. Motar ba zaɓi ta yi ba, kasa gane abin da ke gabanta ta yi a kan lokaci, ma'aikaciyar da aka zaunar don sa ido kuma hankalinta na wani wuri. Haka kamfanin Cruise, wanda hukumar sufurin Dubai ta ƙulla yarjejeniya da shi a 2021 da burin motoci 4,000 kafin 2030. A Oktoban 2023 wata motarsa ta ja wata mata a ƙasa a San Francisco, bayan wata motar mai direba ta buge ta ta wurgo ta gabanta. Kafin ƙarshen 2024 kamfanin General Motors, mai Cruise ɗin, ya daina zuba kuɗi a harkar tasin, Dubai kuma ta juya ga kamfanonin Sin.

Ashe tambayar da ta fi kusa da mu ba "wa za ta kaɗe" ba ce, "wa zai biya" ce. Ɗalibin da ya karanta Risala ya san babin da ke ɗora lamunin abin da dabba ta taka a kan mahayinta, ko mai janta, ko mai kora ta. Ya kuma san bambancin da malamai ke yi tsakanin wanda ya aikata da hannunsa da wanda ya yi sanadi, kamar mai haƙa rijiya a kan hanyar jama'a. To motar da ba mahayi, ba mai ja, ba mai kora fa? Mai ita ne, ko wanda ya ƙera, ko wanda ya rubuta manhajar yana wata nahiya? A Daular Larabawa diyyar rai dirhami 200,000 ce, dole a san aljihun da za ta fito. Dubai ta yi doka mai lamba 9 ta 2023 a kan waɗannan motoci, ta ɗora alhakin biyan ɓarna a kan kamfanin da ke gudanar da motar, shi kuma in ya ga laifin wani ne ya bi shi. Wannan amsa ce ta hukuma. Ko ta gamsar da fiƙihu, wannan aiki ne da ke jiran malamanmu.

Akwai wani gwajin tunanin da nake ganin ya fi dacewa da Dubai, ko da yake ba a cika ɗaga shi a manyan tarukan birnin ba. Na John Rawls ne, Ba'amurke, a littafinsa na 1971 a kan adalci. Ya ce mu ƙaddara an tara mu za mu tsara dokokin gari, amma an yi mana labule: ba wanda ya san matsayin da zai faɗa a ciki. Ba ka sani ba ko kai ne mai benen, ko kai ne lebura mai ɗaura ƙarfe a hawa na hamsin; ko ɗan ƙasa ne kai, ko baƙo mai biza. Wace doka za ka yarda da ita? A birnin da kusan tara cikin goma na mazaunansa baƙi ne, daga Indiya da Pakistan da Bangaladash da Filifin da Afirka, wannan tambaya tana da haƙora. Dokar da ke hana aiki a cikin rana daga ƙarfe 12:30 zuwa 3 na yamma, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, irin dokar da mutumin bayan labule zai sa wa hannu ne da gudu. Riƙe fasfon ma'aikaci kuwa, wanda dokar ƙasar ta hana amma ƙungiyoyin kare haƙƙi ke ta kawo ƙorafi a kai, ba mai yarda da shi in bai san ko fasfonsa ne za a riƙe ba. Kada mu yi saurin nuna yatsa. Alhajin da ke da yaran shago a Kantin Kwari, da Hajiyar da ke da 'yar aiki a gida, su ma su shiga bayan labulen nan su gani ko tsarin da suka yi zai yi musu daɗi.

To a ina mutum zai ji irin waɗannan bahasi in bai shiga jami'a ba? Nan fodkas ya shigo, wato shirin sauti da ake ɗorawa a intanet, ka sauke a wayarka ka saurara lokacin da ka ga dama. Ga mai jin Turanci akwai Philosophy Bites, wanda David Edmonds da Nigel Warburton suka fara a 2007: a zaunar da masani ɗaya, a kan tambaya ɗaya, cikin kamar minti ashirin. Akwai kuma na Farfesa Peter Adamson, History of Philosophy Without Any Gaps, da ya fara a 2010, yana bin tarihin falsafa daki-daki. Ya yi dogon zango a kan duniyar Musulunci, su Kindi da Farabi da Ibn Sina da Ibn Rushd, kuma a sashen Afirka, wanda suka yi da Chike Jeffers, har Daular Sakkwato sun taɓo. A Dubai ɗin kanta harkar ta kafu: kamfanin Kerning Cultures ya yi suna wajen shirye-shiryen sauti na Larabci da Turanci, ƙungiyar 'yan jaridar birnin kuma tana shirya taron masu fodkas mai suna Dubai PodFest. A masarautar Fujaira, can gabashin ƙasar, har gidan falsafa aka buɗe.

Abin da ya sa hira ta fi dacewa da falsafa a kan lacca shi ne, a hira akwai mai cewa "ban yarda ba". Mai tambaya nagari yakan tsaya a madadinka, ya tare masanin a inda kai ma za ka tare shi. Amma ina da gargaɗi biyu. Na farko, ba duk mai makirufo da murya mai daɗi ne masani ba. Akwai masu hirar awa uku da in ka tace ba ka samun cikin cokali. Duba ko mai maganar yana kawo hujjar abokin hamayyarsa da adalci kafin ya rushe ta. In kullum shi ke da gaskiya, kowa kuma wawa ne, to canza tasha. Na biyu, sauraro ba tunani ba ne. In an kawo misali, tsayar da shirin, ka ba da taka amsar da dalilinka, sannan ka ci gaba ka ji ko za ta tsira.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne ƙarancin irin wannan da Hausa. Muna da masu sauraro, don Bahaushe da rediyo sai Allah. Muna da malaman usulu a zaure, muna da malaman falsafa da na kwamfuta a jami'o'in Zariya da Kano da Sakkwato da Yamai. Muna da gadon Abdulƙadir ɗan Tafa, jikan Shehu Usmanu, wanda ya yi rubutu a kan falsafa a ƙasar Sakkwato tun ƙarni na 19. Abin da ya rage shi ne a zaunar da malamin Mukhtasar da injiniya a gaban makirufo ɗaya, a ce musu ga mota ba direba ta kaɗe mutum a Ƙofar Nasarawa, ku gaya mana wa zai biya diyya. Matasanmu masu shirye-shirye a YouTube da Facebook, ga fili nan.

Kafin nan, ga aikin gida. Yau da dare in an haɗu a majalisa, ko an zauna cin tuwo da iyali, a kawo misalin taragon, a bar kowa ya amsa. Sannan a kawo na gada. Wanda amsarsa ta sauya, a tambaye shi dalili, kada kuma a karɓi "haka kawai na ji". Wanda ke da malami, ya kai masa mas'alar jirgin ruwan Gazali da ta motar nan, ya ji ta bakinsa, ya aiko mana mu karanta a shiri na gaba.